Jagora: Yadda Ake Tara Ƙananan Motocin Ƙarfe Na Da, Daga Zaɓen Sikeli Har Zuwa Ajiya

Tambayoyi uku ne ba sa ƙarewa a bakin masu sha'awar wannan harka: wace mota zan fara saya, yaya zan bambance ta ƙwarai da ta banza, kuma me ya sa fentin wadda na ajiye ya fara kumbura alhali ko taɓa ta ba a yi. Amsa ɗai-ɗai ba ta gamsarwa, shi ya sa na ga gara in jero abin daki-daki.

Motocin da nake nufi su ne ƙananan nan na zubin ƙarfe, waɗanda masu sayarwa ke rubuta wa diecast, da ake ƙerawa su yi kama da motocin da suka yi tashe a da: Mercedes-Benz 300 SL ta 1954 mai ƙofofi masu ɗagawa sama, Jaguar E-Type ta 1961, Peugeot 404, Land Rover ta farko ta 1948, ko manyan motoci irin su Bedford TK, Volvo F88 da Peterbilt 359. A bi matakan yadda na jera su. Yawancin asarar da ake tafkawa a nan daga gaggawa take. Mutum ya ga mota ta burge shi ya saya, sai daga baya ya fara tunanin inda zai sa ta da abin da zai jera kusa da ita.

1. Auna wurin ajiya, sannan ka zaɓi sikeli

Kafin ka fitar da ko sisi, ɗauko tef ka auna wurin da motocin za su zauna: tsawonsa, zurfinsa, da tazarar da ke tsakanin kanta da kanta. Wannan awon ne zai faɗa maka sikelin da za ka iya ɗauka, wato yadda girman ƙaramar motar yake idan aka gwada da ta gaske.

Idan ka ga an rubuta 1:18, ana nufin an raba girman ainihin motar gida 18 an ɗauki ɗaya. Motar da tsawonta ya kai mita 4.5 za ta zama santimita 25 a 1:18, kusan 19 a 1:24, 10 da rabi a 1:43, 7 a 1:64, sai 5 da 'yan kai a 1:87. Amma motocin da ba girmansu ɗaya ba. Mini ta 1959 a 1:18 santimita 17 ce kawai, ita kuwa Cadillac Eldorado ta shekarar ta kusa 32. Kantar da zurfinta bai wuce santimita 30 ba ba za ta ɗauki Cadillac ɗin a tsaye ba, sai dai a gicciye.

Manyan motoci lissafinsu daban. Tirela mai mita 16.5 za ta ci santimita 33 a 1:50, kusan 26 a 1:64, 19 a 1:87. A 1:18 kuwa ta tasam ma mita guda. Shi ya sa masu tara tireloli, tifa da tankoki na Turai suka fi zama a 1:50, masu na Amurka kuma a 1:64 ko 1:34.

Shawarata ita ce: mai son ya buɗe bonet ya ga inji da wayoyinsa ya ɗauki 1:18, ya kuma yarda cewa kaɗan zai tara. Mai son yawa da nau'i-nau'i, musamman tsofaffin motocin Turai, 1:43 ne gidansa, don da wuya a sami motar da ta yi suna ba a yi ta a wannan sikelin ba. Mai ƙarancin wuri ya tsaya a 1:64.

*Hattara:* ƙananan motocin Hot Wheels da Matchbox na yau da kullum ana ce musu 1:64, amma a gaskiya daidai da girman kwalinsu ake yin su. Sai ka ga bas da ƙaramar mota tsawonsu ɗaya. Idan daidaiton sikeli ya dame ka, nemi irin su Tomica Limited Vintage, Auto World ko Mini GT. Haka kuma kada ka jera mota 1:43 kusa da babbar mota 1:50 kana zaton za su dace. Ƙaramar za ta yi kamar ta fi ƙarfin babbar.

2. Ja wa kanka iyaka

Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya da ke faɗin abin da kake tarawa. Misali: motocin Faransa daga 1950 zuwa 1975 a 1:43. Ko a-kori-kurar Ford tun daga F-100 ta 1953. Ko manyan motocin Mercedes masu gajeren hanci. Ko mota ɗaya tak, kamar Volkswagen Beetle, a launuka da shekaru daban-daban. Sannan ka lissafo guda goma zuwa ashirin da kake so a cikin wannan iyakar, ka jera su bisa yadda suka fi kwanta maka a rai.

Wannan takardar ce za ta riƙe maka hannu ranar da ka ga wata ja mai sheƙi da ba ta cikin layinka. Kabad mai motoci goma sha biyu da suke da dangantaka da juna ya fi mai ɗari da aka tsinto nan da can daɗin kallo. Iyakar tana iya faɗaɗa nan gaba, ba laifi, amma a fara da ita a matse.

3. San abin da aka yi motar da shi, da wanda ya yi ta

Ƙarfen zubin da ake amfani da shi sunansa zamak, wasu su ce mazak. Mafi yawansa tutiya ce, da ɗan alminiyom, magnesiyom da jan ƙarfe. Yana da nauyi, yana da sanyi a hannu, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Shi ne ke ba da damar a yi ƙofa, bonet da but masu buɗewa.

Akwai kuma na rezin, wato wata irin roba da ake zubawa ta daskare, irin waɗanda kamfanonin Spark da GT Spirit ke yi. Layukansu sun fi fita tsaf, amma galibi a rufe suke, babu abin da ke buɗewa, kuma idan suka faɗi fashewa suke yi. Gilasansu siraran leda ne da kan ɗago idan zafi ya yi yawa. Na uku shi ne na roba mai tauri, wanda AUTOart ya koma yi a sababbin motocinsa. Kowanne yana da masoyansa. Abin da ba na so shi ne mutum ya biya kuɗi yana jiran ƙarfe mai buɗe ƙofa, a kawo masa rezin a rufe ruf.

*Hattara:* masu sayarwa da yawa suna liƙa wa kowace ƙaramar mota sunan diecast. Tambayi kai tsaye: ƙarfe ce ko rezin, kuma me da me ke buɗewa?

Kamfanonin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai Maisto, Bburago, Welly da Motormax, masu sauƙin kuɗi, sun dace da koyon hannu. A tsakiya akwai Norev, Solido, Ixo, Sun Star, Greenlight, da Oxford Diecast mai yin 1:76. Sama da su Minichamps, Kyosho da AUTOart. Can ƙololuwa akwai irin su CMC, wanda motarsa guda kan ƙunshi sassa sama da dubu, har da kujerun fata da wayoyin wili da aka ɗaura ɗaya bayan ɗaya. A ɓangaren manyan motoci, sunayen da za ka riƙa cin karo da su su ne Corgi, Tekno, WSI, NZG da Conrad a 1:50, sai First Gear da DCP a na Amurka.

Akwai wata kafa da sababbin shiga ba su cika sani ba: motocin 1:43 da aka riƙa sayarwa tare da mujallu, na Altaya, DeAgostini, Hachette da Atlas. Da yawansu Ixo ne ya ƙera, kuma a hannu na biyu suna da araha ƙwarai idan aka dubi kyansu.

4. Yi lissafin kuɗi na gaskiya

Kuɗin mota ba shi ne kaɗai abin da za ka biya ba. Akwai kuɗin aike, akwai harajin kwastan idan daga wata ƙasa take, akwai la'adar gidan gwanjo, wadda sau da yawa takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye a kan farashin da ka taya. Mota 1:18 nauyinta ya kusa kilo guda, kwalinta kuma babba ne, masu dako kuwa suna caji bisa girman kwali idan ya fi nauyin. Ba abin mamaki ba ne kuɗin aiken Maisto ya fi kuɗin ita kanta motar. In da hali, haɗa biyu ko uku daga hannun mutum ɗaya a aiko su tare.

Yanke abin da za ka iya kashewa a wata ba tare da ka taɓa haƙƙin kowa ba, ka ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shekarar farko don kabad da kayan aiki. Kuɗin CMC guda zai sayi Maisto goma ko fiye, don haka tun yanzu ka san wanda kake so: kaɗan masu tsada, ko da yawa masu matsakaicin kuɗi. Ni dai na fi ba sabon shiga shawarar ya fara da biyu ko uku na tsakiya, ya saba da riƙo da dubawa, kafin ya ɗora hannu kan mai tsada.

*Hattara:* kada ka shiga da niyyar riba. Rubutun "limited edition" (wato an ƙayyade adadin da aka yi) a jikin kwali ba ya nufin motar ta yi wuya. Idan an buga dubu biyar, dubu biyar ɗin suna nan a hannun mutanen da su ma ke jiran ta yi tsada. Wasu suna hawa, gaskiya ne, amma mafi yawa idan ka tashi sayarwa ƙasa da abin da ka kashe za ka samu.

5. Tanadi kayan aiki

Ba su da yawa, kuma ba su da tsada: buroshin kwalliya mai laushi sabo, robar hura iska irin ta masu kyamara, ƙyallen goge tabarau, audugar kunne, tsinken sakace, hantsaki, gilashin ƙara girma, ƙaramar tocila, saitin ƙananan sukundireba, farin gam na PVA, 'yan ƙunshin silika masu shan danshi, da ƙaramin ma'aunin danshi. A cikin sukundirebobin ka tabbata akwai mai baki kusurwa uku, domin motocin Ixo da na mujallu da yawa da irin wannan notin ake ɗaure su.

6. Duba motar kafin ka biya

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ko a hannu take ko a hoto, bi wannan tsarin.

Ɗora ta a kan abu mai shafe kamar gilashi, ka sunkuya idonka ya yi daidai da tayoyin. Duk huɗun su taɓa ƙasa, kuma kada ta karkata gefe. Idan gaba ya durƙushe, sifirin ya gaji ko wani abu ya karye a ciki. Sai ka dubi tsagar ƙofofi da bonet, su kwanta daidai da bodi, ba ɗaya ta zurma ɗaya ta turo ba.

Sannan fenti. Kada ka haska tocila kai tsaye. Kwantar da hasken ta gefe ya bi saman rufin da bonet. A haka ne ƙananan ƙuraje ke bayyana, waɗanda ba a gani a hasken ɗaki. Ƙurajen fenti ba sa komawa. Idan kaɗan ne kuma farashin ya sauka, kai ka san abin da za ka iya haƙuri da shi.

Ƙirga ƙananan sassa ɗaya bayan ɗaya: maduban gefe, waifa, eriya, tambarin gaba, hannun ƙofa, salansa, murfin wili. A manyan motoci ƙara da matakala, fitilun rufi da wayoyin da ke haɗa kai da tirela. Samun madubin wata tsohuwar Minichamps ya fi samun motar kanta wuya, don haka kada ka yarda da "ai ɗan ƙaramin abu ne".

Babban abin tsoro shi ne cutar tutiya, wadda ake rubutawa zinc pest. Tana faruwa ne idan an sami gurɓacewar dalma ko makamancinta a cikin ƙarfen tun wajen zubi. Da tafiyar shekaru sai ƙarfen ya riƙa kumbura daga ciki, ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ƙofofi su daina rufuwa, bonet ya lanƙwashe, a ƙarshe ya marmashe a hannu. Danshi yana ƙara mata gudu. Ta fi yawa a tsofaffin motoci samfurin Dinky na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, amma ta kama wasu motocin da aka yi a shekarun 1990 da 2000 ma, har na kamfanoni masu suna. Duba ƙasan motar, gefen ƙofofi, hinji da wili. Siraran tsaga da ke bi ta cikin ƙarfen, ba saman fenti kaɗai ba, su ne alamar.

*Hattara:* cutar tutiya ba ta da magani. Gam ba ya tsayar da ita, sabon fenti ba ya tsayar da ita. Ba ta yaɗuwa zuwa motar da ke kusa, amma wadda ta kamu ta kamu. Kada ka saya ko da an karya maka farashi, sai in sassanta kake so. Kafin ka sayi duk wata tsohuwar 1:18, rubuta sunanta da na kamfanin tare da zinc pest a intanet ka ga ko an san ta da wannan.

7. Idan tsohuwar asali ce, juya ta ka karanta cikinta

Tsofaffin Dinky, Corgi, Matchbox da Hot Wheels duniya ce daban, kuma nan ne jabu ya fi yawa. Dinky na kamfanin Meccano ne a Liverpool, sunan ya fito a 1934, masana'antar ta rufe a 1979. Akwai kuma Dinky da aka yi a Faransa. Matchbox na kamfanin Lesney ya fara a 1953, Corgi a 1956, Hot Wheels a 1968. Waɗannan shekarun za su taimake ka ka kama ƙarya tun daga bakin mai sayarwa.

Kifa motar a kan ƙyalle mai laushi, ka kawo gilashin ƙara girma. Matchbox ta zamanin Lesney za ka ga "Made in England" da sunan Lesney a zube a jikin ƙarfen. Lesney ya durƙushe a 1982, don haka mai ɗauke da Macau, Thailand ko China ta baya ce. Siraran wili masu gudu na Matchbox, waɗanda ake kira Superfast, sun shigo a 1969. Masu ƙananan tayoyi da sanda mai kauri sun girme su. Hot Wheels masu jan layi a taya, na 1968 zuwa 1977, a Amurka ko Hong Kong aka yi su. An sake fitar da masu jan layi daga baya, saboda haka idan ka ga jan layi tare da Malaysia ko China, ba ta farkon ba ce. Dinky ma Atlas ya sake fitar da su, da kwali mai kama da na da, amma ƙasansu yana ɗauke da sunan Mattel da China. Suna da kyau, sun cancanci ajiya, sai dai kada a sayar maka da su a kuɗin ta 1950.

Yanzu dubi ribit, wato 'yan kawunan ƙarfen nan biyu ko ɗaya da suka riƙe farantin ƙasa da bodi. Na masana'anta kansa a murɗe yake sumul, kamar an naɗe bakinsa da inji. Idan ka ga an huda shi, ko an sa noti, ko ɗigon gam, ko kan ya yi sabo fiye da sauran ƙarfen, to an buɗe motar, kuma galibi don a sake fenti ne. Sabon fenti yakan yi kauri ya cike layin ƙofa, ya yi sheƙin da bai dace da shekarun ba, wani lokaci har ya ɗiga kan sandar taya. Tsohuwa mai ɗan ƙwarzane da fentinta na asali ta fi wadda aka sabunta daraja a wajen masu tarawa.

*Hattara:* shekarar da ke ƙasan Hot Wheels ko Matchbox shekarar rajistar zanen ce, ba shekarar da aka ƙera wannan ɗin da ke hannunka ba. Mota mai rubutun 1969 tana iya zama ta bara. A na zamani akwai ɗan harafi da lamba biyu da aka buga daban, harafin shekara ne, lambobin mako. Harafin A shi ne 2008.

Kwali ma ana buga jabunsa. Na asali launinsa ya ɗan koɗe, gefunansa sun yi laushi, cikinsa ba fari fat ba ne. Kwalin asali mai kyau yakan ninka kuɗin mota, wani lokaci ma ya fi ta. Masu manyan motoci kuma su san kalmar Code 3: motar da wani daban ya sake wa fenti ko tambarin kamfanin sufuri ba da hannun masana'anta ba. Ba aibi ba ne idan an faɗa maka.

8. Saye daga nesa

Sayen mota da hoto ɗaya cinikin biri a sama ne. Nemi hoton gaba, baya, gefe biyu, sama, ƙasa, da kwalin, sannan hoto ɗaya da aka ajiye takarda mai sunan mai sayarwar da kwanan wata kusa da motar. Wanda ya ƙi wannan, bar masa kayansa. Hoton kamfani mai fari tas a baya ba hoton motar da za a aiko maka ba ne.

Don sanin farashi, kada ka dubi abin da mutane ke nema, dubi abin da aka riga aka sayar. A eBay akwai wurin tace waɗanda aka sayar. Duba biyar ko shida masu yanayi irin na wadda kake so. Gidajen gwanjo irin su Vectis a Ingila suna barin sakamakon gwanjonsu a buɗe, hobbyDB kuma yana taimakawa wajen gane lambar mota da launukan da aka yi ta.

Za ka riƙa ganin gajerun rubutu: MIB na nufin sabuwa dal a kwalinta, MOC sabuwa a kan katinta ba a ɓare ba, loose kuma ba kwali. Wasu suna ba da makin yanayin mota daga C1 zuwa C10, C10 ce mafi kyau. Duk wannan ra'ayin mai kaya ne, hoto ne shaida.

Faɗa wa mai aikowa yadda kake so a ɗaure: motar a ɗaure da notinta a mazauninta, kwalinta a cikin wani kwalin, da abin cika tsakani ta kowane gefe.

*Hattara:* biya ta hanyar da ke da kariyar mai saye. A PayPal, zaɓin 'yan uwa da abokai ba shi da wannan kariyar, kuma shi ne 'yan damfara ke roƙo a yi amfani da shi. Odar motar da ba ta fito ba tukuna kuwa takan yi jinkirin watanni, har shekara. Kada ka biya duka kuɗin sai ga dillalin da aka sani.

9. Buɗe kwali

Kunna bidiyon waya tun kafin ka yanka salatif, don idan ta zo a karye shi ne hujjarka. Wanke hannu ka shanya. Shimfiɗa tawul a tebur. Zaro farin soson da motar ke ciki a kwance, ka lura da gefen da ke sama kafin ka raba shi. Idan a ɗaure take da noti, kifa ta cikin rabin soson na sama ko ka riƙe ta da tafin hannu ta gefen ƙofofi, ka kwance notin kana danna sukundireba sosai don kada kan notin ya cinye. Zuba notin a 'yar leda, rubuta sunan motar, mayar cikin kwalin.

Ɗaga mota ta ƙasa, tsakanin tayar gaba da ta baya. Ba ta rufi ba, ba ta bamba ba, ba kusa da madubi ba. Ƙofa da bonet kuma da tsinken sakace ake buɗe su: sa bakin tsinken a tsagar, ɗaga kaɗan har yatsa ya samu wurin kamawa, ka tsaya a inda ta tsaya da kanta. Farce yana kankare fenti a gefen ƙofa, kuma nan ne ido ke fara sauka.

*Hattara:* siraran ledar da ake ɗaure ƙofofi da su, da robar ɗauri, cire su ko da a kwali za ka bar motar. Idan suka shekara a jiki suna barin shati a fenti. Kwalin kuwa kada ka yar, ko na mai araha ne.

10. Ajiya

Maƙiyan motocin nan huɗu ne: rana, zafi, danshi da ƙura. Hasken rana yana koɗar da fenti, musamman ja, yana mayar da farin fenti da gilashin roba ruwan ɗorawa, yana busar da sitika. Sa kabad ɗin a bangon da rana ba ta kaiwa kowane lokaci na yini. Fitilar ciki ta zama LED, wadda ba ta zafi. Danshi ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Idan ma'aunin ya haura 60 ya zauna, ƙara silika, ka kuma riƙa busar da ita ko sauya ta, don idan ta ƙoshi ba ta ƙara sha. Kada ka ajiye su a ɗakin da ke gasuwa da rana ya huce da dare, ko cikin but ɗin mota, ko kusa da wurin girki.

Kabad mai ƙofar gilashi ya fi buɗaɗɗiyar kanta nesa ba kusa ba. Ɗaure shi da bango. Lissafa nauyi kuma: 1:18 guda goma kusan kilo goma ne a kan gilashi ɗaya.

Tayoyi suna da tasu matsalar da mutane ba sa lura sai ta faru. Sinadarin da ke sa robar taya laushi yana cin wasu robobin da kuma fentin katako, sai ka ɗaga mota ka tarar tayar ta manne ta bar rami huɗu, ko ta baje ta ƙasa. Sa 'yar farar takarda marar asid ƙarƙashin kowace taya, ko mafi kyau, sa ɗan abin tokare ƙarƙashin shasi yadda tayoyin za su taɓa ƙasa da ƙyar. Wannan yana hutar da sifirin ma. Ƙofofi da bonet kada a bar su a buɗe wata da watanni, hinji yana saki.

*Hattara:* kada leda mai ƙurajen iska ko farin soso su taɓa fenti kai tsaye a doguwar ajiya. Naɗe da takarda mai laushi marar asid tukuna. Kuma waɗannan ba kayan wasan yara ba ne. Da yawa an rubuta musu shekara 14 zuwa sama saboda ƙananan sassa, tsofaffin kuma fentinsu yana iya ƙunsar dalma.

11. Gogewa da ƙaramin gyara

Fara da hura iska, sai buroshi daga rufi zuwa ƙasa, kana kauce wa waifa da eriya. Idan akwai shatin yatsa, ɗan jiƙa ƙyallen tabarau da ruwa mai tsabta, matse shi sosai, shafa a hankali, bi da busasshe. Lungu da saƙo audugar kunne. Kada ka goge ƙura a bushe da ƙyalle, zane take yi. Kurom ɗin bamba siririn shafe ne a kan roba, yawan guga yana cinye shi.

Madubi ko tambarin da ya cire, ɗigo ɗaya na farin gam a bakin tsinke ya isa. Yana bushewa garau, kuma idan an yi kuskure ana iya ɓare shi.

*Hattara:* sufa-gulu tururinsa yana sa gilashin roba da kurom su yi fari, farin kuma da wuya yake fita. Tina, fetur, sifirit da ruwan goge jan farce suna narkar da rubutun da aka buga a kan fenti cikin daƙiƙa. Tsohuwar Dinky ko Corgi kuwa, ban da share ƙura da sauya tayar da ta ruɓe, kada ka yi mata komai.

12. Rubuta abin da kake da shi, ka riƙa zagayawa

Tun daga mota ta farko buɗe littafi ko shafin Excel: kamfani, lambar mota, sikeli, launi, ranar saye, jimlar abin da ka kashe har da aike, aibin da ta zo da shi, da inda kwalinta yake. Haɗa da hoto. Idan sun haura talatin za ka fara mantawa, a nan ne ake sayen abu ɗaya sau biyu.

Duk wata shida fito da su ɗaya-ɗaya. Haska fenti ta gefe, juya tayoyi su sauya wurin zama, buɗe ƙofofi ka rufe, duba ƙasa ko tsaga ta fara. Wadda ta fita daga layin da ka rubuta a mataki na 2, ko wadda ka sami mafi kyanta, sayar ko ka yi musaya da ita tare da kwalinta da notinta, ka faɗi duk aibinta a fili da hoto. Wadda ka ga alamar cutar tutiya a jikinta kuwa, ɗauki hotonta da kwanan wata, rage taɓa ta, matsar da ita wuri mafi bushewa a kabad, kuma idan za ta bar hannunka ka gaya wa mai karɓa tun kafin ya tambaya.